Ɓuntun Shinkafa a Idon Dama

Ciwon idon da na fara sani a duniya na mahaifiyata ne. Tana da ɗan hantsaki da maƙeri ya yi mata, ɗaure da zare a wuyanta kamar laya. Gashin idonta ne ke lanƙwashewa ciki yana gogar ƙwayar idon. Da hantsi, in ta gama daka, sai ta zauna a bakin ƙofa ta ɗaga kai sama, maƙwabciyarta ta bi gashin ɗaya bayan ɗaya tana cirewa. Bayan sati biyu ya sake fitowa, ya fi na da kaifi. Ba ita kaɗai ba ce. A ƙauyenmu, gefen Gaya ta wajen kogi, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tsohuwa mai irin wannan hantsakin ba. Yara kuwa kwantsa ce cike da idonsu, ƙudaje na bi, ba mai korewa don an saba. A tungayen masunta da ke ƙasa da mu akwai wani iri daban. Maza ƙarfafa, ba su tsufa ba, suna zaune a inuwa suna susar jiki, idanu a buɗe amma ba sa ganin komai. Muna cewa ruwa ne ya ci su. Sai da na girma na ji ashe wani ɗan baƙin ƙuda ne na bakin kogi ke kawo abin.

Na yi lakwal a Gaya har aji shida, na faɗi jarrabawa, na koma gona. A gida Dandanci muke yi, Hausa a kasuwa na koye ta. Faransanci kuwa abin da ya rage mini shi ne in iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali. Wannan ɗan karatun shi ya ɗaga ni a gari, kuma da shi na yi ɓarnar da zan faɗa.

Ƴata ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Tana da shekara uku ƙyanda ta shigo gari. Yadda muka gada, mai ƙyanda ba a yi masa wanka, ba a fita da shi, a ɗaki ake rufe shi har ƙurajen su bushe. Idonta na hagu ya kumbura ya manne. Matata ta ce mu kai ta asibiti. Na ce in iska ta taɓa ta ƙyandar za ta koma ciki. Na sa aka niƙa kwalli da ruwan wani ganye aka ɗiga mata. Da idon ya buɗe, hakiya ta rufe baƙin gaba ɗaya. Tun daga ranar, da shi haske da duhu kawai take bambancewa, sai inuwar mutum in ya gifta. Ban daɗe ina zargin kaina a kan wannan ba. Kowa haka ya yi, kuma a shekarar an binne yara da yawa, tamu ta tashi. Ta girma da idon dama shi kaɗai, kuma ya ishe ta. In kwale-kwale ya taso daga tsallake, ita ke fara faɗin ko na wane ne.

Bayan wasu shekaru majo, wato shugaban ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, ya zo yana neman wanda ya iya karatu a kowane ƙauye. Aka nuna ni. Ya koya mana na ƴan kwanaki, ya ba kowa akwatin katako. A ciki akwai auduga, da sabulu, da wani pomadi rawaya a ƴar ƙaramar leda ta ƙarfe da ake matsawa. Ya ce a wanke fuskar yaro, a ja fatar ido ƙasa, a matsa kaɗan, safe da yamma. Iyakar abin da aka koya mini ke nan a kan ido, kuma a lokacin ya wadatar.

Sai shekarar da afolo ya zo. A ƙarshen damina ne, ya tsallako gadar kogi tare da fatake, cikin kwana kaɗan gari duk ya zama jan ido. Liman ya ja salla da tsumma a fuska. Na bi gida gida da akwatina, ni ma idona jajir. Cikin sati ɗaya mutane suka warke, aka ce ni na warkar da su. Yanzu na san ko ban je ba zai wuce da kansa. A lokacin ban sani ba, kuma ko da na sani ban tabbata zan faɗa ba. Daga nan na kafa wa kaina doka, na riƙe ta kamar karatun allo: ciwon ido ido biyu yake kamawa, in ya shiga gida sai ya zaga kowa, kwana bakwai yake yi ya tafi. Duk wanda ya zo mini da jan ido, kwana bakwai nake ce masa ya jira.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, mai tuƙa kwale-kwale. Shi kaɗai bai taɓa ɗaukata da muhimmanci ba. In ya hango ni da akwati sai ya ɗaga murya daga bakin ruwa.

"Lokotoro marar allura! Yau idon wa za a shafa wa man shanu?"

"Naka," in ce masa, "ko ka daina ɗaukar kada a matsayin gungume."

"Ai ni bawanka ne, ba na musu. Amma ranar da idona ya yi ciwo gara in wanke shi da ruwan kifi."

Abubuwa suka yi ta canjawa a gabana, ban lura ba. Aka haƙa famfo, mata suka daina rowar ruwan wanke fuska. Aka riƙa yi wa yara allurar ƙyanda. Aka raba wasu ƙwayoyi shekara shekara, makantar bakin kogi ta tsaya a kan tsofaffin da ta riga ta kama. Masu hantsaki suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba a sami sababbi ba sai ɗaiɗai. Majon da ya koya mana ya bar aiki, aka daina cika akwatin. Amma mutane ba su daina zuwa ƙofata ba, ni kuma ban iya cewa ba ni da komai.

Kuma abin da suke kawo mini ya bambanta. Yara masu ƙaiƙayin ido, farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, suna murza shi dare da rana, ba kwantsa, ba ya kama ɗan'uwa. Masu walda da tartsatsi ya taɓa. Masu feshin maganin ciyawa a fadama. Wani dattijo mai ciwon suga. Pomadi rawaya ba ya yi musu komai. Wata ranar kasuwa na tsallaka gada zuwa Malanbil, na yi wa wani mai tebur na magani ƙorafi. Ya miƙo mini ƴar kwalba mai farin murfi, ta ɗigawa. Ya ce, "Baba, wannan sabon zamani ne. Ɗigo biyu, ido ya yi fari kamar nono." Na karanta sunan da ke jikin kwalin da ƙarfi a gabansa, don ya san ba jahili yake sayar wa ba. Na iya furta sunan. Abin da yake nufi ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Maganin ya yi abin da ya ce. Yaro ya zo yana kuka, gobe uwarsa ta dawo da godiya da ƙwaryar fura. Na shekara huɗu ko biyar ina ba da shi. Allah kaɗai ya san wanda na cuta a cikinsu bai dawo ya faɗa mini ba.

A lokacin Uwata ta yi aure a Gaya, ƴaƴanta uku, ƙaramar tana goye. Mijinta direban babbar mota ne, yana hanyar Kwatano, wani lokaci sai ya yi sati uku ba ya gida. Suna da ɗan fegi a fadamar shinkafa. Ranar da ake bugu, ana dukan damin a jikin tanon ƙarfe irin na zuba mai, wani ɓuntu ya yi tsalle ya shiga idonta na dama. Ta wanke da ruwa, ta ci gaba da aiki. Kashegari ta hau kabu-kabu ta zo gidana, hannu a kan ido, hawaye na zuba ta tsakanin yatsunta. Asibitin Gaya yana kusa da gidanta, da ƙafa ma za ta iya zuwa. Ta wuce shi ta zo wurin ubanta.

Na zaunar da ita a tabarma, na juya fatar idon, na ga ɗan ɓuntun, na ɗauke shi da bakin tsumma mai tsabta. Na nuna mata shi a tafin hannuna, muka yi dariya a kan ƙanƙantarsa. Na ɗiga mata maganin. Na ba ta kwalbar, na ce sau huɗu a rana, ta zauna a wurinmu ta huta.

Kwana biyu jan ya ragu, zafin ya kwanta. Na tambaye ta ko wani a gidanta ya kamu. Ta ce babu. Na duba idon goyonta, garau. Na duba na uwarta da ke kwana ɗaki ɗaya da ita, garau. Da ina da ilimi, nan zan tsaya in ce wannan ba ciwon da na sani ba ne, tunda ido ɗaya ya kama, mutum ɗaya, bai zaga ba. Ni kuwa sai na ce maganina ne ya tare shi a ƙofa. Har a masallaci na faɗa.

Rana ta huɗu ta ce, "Baba, zafi ya tafi, amma kamar hayaƙi nake gani a gabana."

"Maganin ne ke aiki, Uwata. Bari kwana bakwai su cika."

Matata ta biyo ni bayan rumbu, inda ƴar ba za ta ji ba. Ta ce, "Malam, ido ɗaya gare ta."

"Na fi ki sanin haka."

"To a kai ta a duba. In ba komai ai ba a yi asara ba."

"A ce ni da gari ke kawo wa ido na kasa na ƴata? Shekara nawa ina wannan aiki?"

Ta dube ni ta ce, "Haka ka ce mini a shekarar ƙyanda." Ta juya ta tafi. Raina ya ɓaci, na ƙi cin abincinta a ranar. Ina tsammanin ba don wannan maganar ba da na kai ta a rana ta biyar. Gaskiyar da ta faɗa ce ta sa na kafe.

Ranar da bakwai suka cika na fito da ita haske na duba. A tsakiyar baƙin idon akwai ɗigon fari kamar ƙwayar gero, gefensa ba santsi, kamar gashin auduga. Na sake dubawa. Amma farin idon fari ne tas, ba ja ko kaɗan, kuma ni duk rayuwata da ja nake auna ciwo. Na ce saura ne, a ƙara ɗigon ya zama sau shida.

Rana ta goma zafin ya dawo, irin wanda ban taɓa gani ba. Tana zaune a ƙasa ta riƙe kai da hannu biyu, goyon na kuka ta kasa ba ta nono. Taubashina ya shigo da kifi a igiya, ya fara daga zaure.

"Ina lokotoron? An ce ka kwantar da marar lafiya a babban asibitinka, na kawo kuɗin gado."

Ya tsuguna gabanta ya ce, "Ƴata, buɗe in ga aikin tsohon nan." Ta buɗe da ƙyar. Ya daɗe yana kallo. Ɗigon ya kai girman wake, kuma a ƙasan baƙin wani fari ya kwanta kamar nono a gindin ƙwarya. Ya ajiye kifin a ƙasa, a kan turɓaya. Tunda muke bai taɓa kirana da girmamawa ba sai ranar.

"Yaya, wannan ba naka ba ne. Tashi."

A Gaya suka duba suka rubuta mana takarda zuwa Dosso. A Dosso suka ce Yamai. Mijinta ya bar motarsa a wurin abokin aiki ya same mu a can. Likitar da ta gan mu mace ce, ba ta kai Uwata shekaru ba. Ta sa haɓar ƴata a kan wata na'ura mai fitila ta daɗe tana dubawa. Sannan ta tambayi abin da aka sa a idon. Kwalbar na aljihuna. Na ciro na ajiye a kan tebur.

Ta juya ta a hannu, ta yi ajiyar zuciya. Da Hausa ta yi mana magana. Ta ce ɓuntun ya karce idon, kuma a jikinsa akwai fumfuna, irin wadda ke fitowa a hatsin da ya sha danshi. Ita ce ta shiga ta karcen ta kama. Ta ce wannan maganin yana kwantar da ja da zafi, amma yana ɗaure wa ido hannu ya kasa kare kansa, sai abin ya yi ta ci a ɓoye.

"Baba, ku kun san zamanin ƙuda da kwantsa da ƙyanda," in ji ta. "Waɗannan sun ragu ƙwarai. Yanzu in kaka ta yi, masu shinkafa nake gani a kan kujerar nan, kusan kowa da irin wannan kwalba a hannu. Da a rana ta biyu ta zo, ba tare da wannan ba, da ina da abin faɗa. Wa ya ba ta?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Amma Uwata ta riga ni.

"Ni na saya a kasuwa. Babana ya ce in je asibiti na ƙi."

Likitar ta dube ni, ta dubi kwalbar da ta fito daga aljihuna. Mijin kuwa ya juya ga matarsa.

"Ke da ubanki ke aikin ido tun kina yarinya, ki tsallake shi ki je wurin mai tebur? Ido ɗaya gare ki! Baba, ka ji abin da ta yi?"

Na ce, "Ka yi haƙuri, ƙaddara ce." Abin da na ce ke nan.

Sati uku muka yi. Kowace awa ana ɗiga mata wani magani mai zafi, uwarta na riƙe da goyon a barandar asibiti. Wata rana da safe, bayan an karya kumallo, ta yi tari, sai ta ce ta ji wani ruwa mai ɗumi ya gangaro kumatunta kuma zafin ya tafi. Har ta yi murmushi, ta ɗauka sauƙi ne. Idon ne ya huje. Bayan kwana biyu suka cire shi. Na tambayi likitar ko za a iya yin wani abu a kan na hagun. Ta duba ta ce tabon ya tsufa kuma ya yi zurfi, idon bai koyi gani ba tun yarinta. Ta tambayi me ya same shi. Na ce ƙyanda.

Da muka dawo, labarin ya riga mu isa. Mata suka zo jaje suna cewa, da ta je wurin ubanta. Surukarta ta faɗa a gabana, ta kuma faɗa a bayana. Matata da taubashina sun san gaskiya. Matata ba ta sake ɗaga maganar ba har ta rasu, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Taubashina bai sake kirana lokotoro ba. In mun haɗu sai ya gaishe ni kamar baƙo, ya tambayi gida, ya wuce. Akwatin na ƙone shi, na ce wa mutane idona ya yi rauni ba na iya duba na wani. Wannan ma ƙarya ce na ƙara a kan ta farko.

Shekara shida ke nan. Mijinta bai sake ta ba, bai wulaƙanta ta ba, mutumin kirki ne. Amma in ƙaramar ƴarsu ta yi gardama sai ya ce, taurin kan uwarki, kin ga inda ya kai ta. Yarinyar da ke goye a lokacin ta shiga lakwal, ta taso tana jin haka. Uwarta ba ta san fuskarta ba sai da hannu.

A bara, bayan sallar layya, na je gidanta da la'asar. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta ji tafiyata ta ce, "Baba ne." Na zauna. Na ce mata na tsufa, ba na son in je kabari da abin nan, zan tara mijinta da uwarsa in faɗa musu ni na ba ta maganin, ni na hana a kai ta.

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "In ka faɗa idon zai dawo?"

"Ba zai dawo ba. Amma za a daina ɗora miki."

"A ɗora maka. Sai in zama makauniyar da ubanta ya makanta. Ƴaƴana su riƙa jin haka a bakin famfo. Mijina ya daina gaishe ka, in na ce zan zo gida ya ɓata rai. Wa ka sauke wa kaya, ni ko kai?"

Ta zuba gyaɗar hannunta a kwano, ta ci gaba.

"Na yi fushi da kai, Baba. Shekara biyu ina fushi, in na ji muryarka a zaure sai in ji kamar in shige ɗaki. Ba ka sani ba don ba na faɗa. Ba maganin ne ya fi ci mini rai ba, kai ma ba ka san shi ba. Ranar da na ce maka ina ganin hayaƙi, ita ce. Na faɗa maka, ka ji, ka ce in jira." Ta share ɓawon gyaɗa daga zaninta. "Ya wuce yanzu, ko in ce ya kwanta. Amma maganar da na yi a gaban likita tawa ce. Ina cikin hankalina na yi ta. Ita ma za ka karɓe?"

Na yi kuka a gabanta, ba sauti, ina tsammanin ba za ta sani ba. Ta ce, "Ka daina, yara za su shigo."

Ban faɗa wa mijinta ba. Na rubuta a nan, ba suna ko ɗaya, kuma ban san ko wannan ma cin amanarta ba ne.

Da ta gama ɓarar ta rufe kwanon, ta lalubi mayafinta a kan igiya. Ta ce akwai barka a gidan maƙwabta, kuma an ce masu gyaran hanya sun haƙa rami a bakin lungu. Na miƙe na ba ta gefen rigata ta riƙe. Muka fita, ina gaba, ina faɗa mata inda za ta taka.